Idon Kaka da Hannunta: Nazarin Yadda Wata Yarinya 'Yar Kara-Kara Ta Bar Lakol

Littafin kiran suna ne ya fara nuna mini ita. Malamar ajin CE1, wato aji uku na firamare, ta buɗe shi a kan cinyarta, don rumfar da take koyarwa ba tebur, ta bi layi guda da ɗan yatsa. Litinin tana nan, Talata tana nan, Laraba tana nan, Alhamis babu, Juma'a babu. Mako mai bi masa haka, na gabansa ma haka. Da aka shiga watan Maris sai safiyar sauran ranakun ta fara zubewa ita ma, kafin ƙarshen Afrilu layin ya zama wayam. Malamar ta rufe littafin ta ce mini, "Mushe, 'yar Kara-Kara ce. Ka dai san su."

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa a firamare kafin na yi ritaya, shi ya sa ake ce mini Mushe, wato malam, yanzu kuma ina cikin kwamitin kula da wata makaranta a nan Damagaram, wanda muke kira kojes. Wannan "ka dai san su" na sha jin ta, kuma ni ma bakina ya taɓa faɗin ta. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta lamarin yarinyar nan daga farko har inda ya tsaya yau. Na sakaya sunanta da na gidansu da na makarantar, don abin da nake so a duba shi ne yadda abin ya faru.

Unguwar da gidan

Wanda ya san Damagaram ya san Birni da fadar Sarki, ya san Zango da tsofaffin gidajen fatake, ya san Sabon Gari da kasuwar Dole. Garin nan shi ne babban birnin Nijar na zamanin Turawa har 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai. Kara-Kara ba ta cikin abin da ake nuna wa baƙo. Asalinta wuri ne da aka keɓe wa kutare a bayan gari, cikin duwatsu, don kada su cuɗanya da jama'a. Daga baya makafi da guragu da duk wanda gari ya yi wa ƙunci suka bi su can. Gari ya faɗaɗa har ya haɗiye unguwar, an haifi 'ya'ya da jikoki lafiyayyu garau, amma sunan bai bar su ba. Yaro ya ce daga Kara-Kara yake, mai sauraro ya riga ya yanke masa hukunci: ko jinin kutare, ko ɗan pale, wato gungun samarin nan masu ɗaga ƙarfe da aka sani da rigima.

Mutum biyar ne a gidan. Akwai kaka, uwar uban yarinyar, wadda ta yi ciwon kuturta tun tana budurwa, aka yi mata magani ta warke shekaru da dama da suka wuce. Akwai uwar yaran. Akwai yayan yarinyar, saurayi ɗan shekara 16, sai ita mai kimanin 11, sai ƙaninta ɗan shekara 6. Uban yana cikin waɗanda suka bi zinariya tun da aka gano ta a Jado, can arewacin Nijar, a 2014. Ya yi ta zuwa yana dawowa, wani zuwan da ɗan abin hannu, wani zuwan da bashi. Tafiyarsa ta ƙarshe ya zarce Libiya, yau shekara huɗu ke nan ba aike ba waya.

Uwar fasa dutse take yi. Tana zama da guduma tun hantsi, tana mayar da dutse tsakuwa, ta tara tsibi, ta jira mai gini ya zo saye. Wata rana a saya, wata rana tsibin ya kwana uku. Yayan ya bar lakol, wato makarantar boko, a CM1, aji biyar, ya shiga sayar da ruwa-ruwa, wato man fetur na kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya. Abin da ciwo a ce matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da gari a kan hanyar Tanut tun 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma abincin yaran unguwa irin wannan yana rataye da man da aka tsallako da shi ta daji. Da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, farashi ya tashi a can, ribar kwalba ta zube a nan. Ɗan abin da yaron yake ba uwarsa da yamma ya yanke. Tun daga lokacin bara ta zama ginshiƙin gidan, ita kuwa bara a gidan nan ba ta yiwuwa sai da yarinyar.

Dole in tsaya a nan in faɗi yadda jikin kakar yake, don duk lamarin a kansa ya ginu. Kuturta ƙwayar cuta ce take kawo ta, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Ƙwayar tana cin jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi ko taɓi. Idan suka mutu, mutum zai ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, ya taka ƙaya ya yini da ita, rauni ya ruɓe, a hankali yatsu su tafi. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta mutu. Kakar ba ta da yatsun da za su riƙe moɗa. Fatar idonta ba ta rufuwa sosai, shekara da shekaru ƙura da iskar hunturu suna shiga, har ganin ya koma sai dai ta bambance haske da duhu.

To yarinyar ce take ɗaura mata zane da safe. Ita take tsoma yatsa a kunu ta ji ko ya huce kafin ta kai mata baki. Da dare, na gani da idona, takan kunna fitilar hannu ta ɗora ƙafar tsohuwar a cinyarta, ta bi tafin da kallo a hankali, tana neman ƙaya ko tsaguwa ko wurin da takalmi ya goge. In ta samu sai ta wanke, ta shafa man kaɗe, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Ba wanda ya koya mata wannan sai kakar da kanta. Tsohuwar tana kiran ta "kishiyata", kamar yadda kakanni suke wasa da jikokinsu mata, yarinyar kuma tana ce mata Iya.

Alhamis, Juma'a da bazara

Alhamis ita ce babbar ranar kasuwar Dole, mutanen ƙauyuka suna shigowa, hannu yana sakuwa. Juma'a kuwa ranar sadaka ce a ƙofar masallaci. A waɗannan kwana biyu gidan yake samun abin da zai ci har ya kai ga wani makon. Yarinyar tana gaba riƙe da bakin sanda, tsohuwar tana baya ta maƙale ɗaya bakin a hammata. Mai bayarwa ba kasafai yake miƙa wa tsohuwar a hannu ba. Wani ya jefa a kwano, wani ya saki a ƙasa, yarinyar ta duƙa ta tsince. Alhamis mai kyau, in ji uwar, sukan dawo da abin da ya kai jika guda, wato sefa 1,000, wani lokaci da 'yan daloli a kai (dala ɗaya sefa biyar ce), da ragowar abinci a leda. Juma'a takan ɗara haka.

Ga kuma abin da tsohuwar ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in tana tare da yarinya an fi ba ta. Mutane suna ganin ƙaramar yarinya cikin rana sai tausayi ya kama su. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin ma'anarta ita ce mu masu bayarwa muna cikin lamarin dumu-dumu. Da kyakkyawar niyya muke miƙa dala goma, amma inda muke miƙa ta da lokacin da muke miƙa ta su ne suke biyan yarinya ladan rashin zuwa aji.

Zubewar safiya daga watan Maris kuwa ruwa ne. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙishirwarta tsohuwa ce. Daga nesa ake turo mata ruwa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma da bazara ta kama, famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, in ma zai zo sai tsakar dare. Mai hali ya sayi na 'yan garuwa. Marar hali ya tura yaro da bido, wato jarka, ya bi layi tun asuba. Yarinyar takan dawo da bido biyu rana ta riga ta take, an daɗe da shiga aji. Sau biyu tana zuwa a makare ana tsayar da ita a waje. A na uku ba ta zo ba.

Ita ma makarantar tana da nata kason. Ajin rumfar zana ce. Irin waɗannan azuzuwan ba a iya kafa su sai an yi girbi an samu kara, saboda haka ko da an buɗe makarantu a watan Oktoba, karatun gaske sai can gaba, kuma iskar farkon damina tana tashi an gama. Hatsarinsu kowa ya sani: a watan Afrilun 2021 wuta ta kashe yara 20 a irin wannan aji a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma ta kashe fiye da haka a Maraɗi. Malamar 'yar kwantiragi ce, yara sun cika rumfa har waje, ba ta da sararin bin sawun wanda bai zo ba. Karatun gwamnati kyauta ne a takarda, amma akwai kuɗin kojes, akwai gudummawar zana, ga kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, da allo da alli, ga ɗan abin da yaro zai saya ya ci lokacin shan iska. Kowannensu ƙarami ne a aljihun ma'aikaci. A gidan da ake auna hatsi da rabin tiya, kowannensu tuwon dare ne.

Sai maganar moɗa, wadda ban ji ta ba sai daga baya, daga bakin wata 'yar ajin. Akwai randa a bakin rumfa da moɗa guda. In yarinyar ta sha, sauran ba sa sha sai an ɗauraye, wasu ma sai su haƙura. Suna kiran ta jikar kuturwa. Yara ba su ƙago wannan ba, a gida suka ji. Har yau in za a yi aure a ƙasar Hausa ana binciken ko akwai kuturta a dangi, saboda an ɗauka gado ce. Ba gado ba ce. Ana ɗaukar ta ne ta hanci da baki, bayan doguwar cuɗanya da mai ciwon da bai fara magani ba, kuma galibin mutane jikinsu yana da kariya daga gare ta. Maganin haɗin ƙwayoyi ne da ake sha wata 6 ko 12, kyauta ake ba da shi tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗawa. Tsohuwar da ta warke tun kafin a haifi uban yarinyar ba ta da abin da za ta shafa wa kowa. Hausawa sukan ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Karin maganar nan ta faɗi gaskiyar da ba mu son ji: ƙyamar da muke yi, rabinta ƙyamar talauci ce.

Abin da na fara yi, da dalilin da ya sa bai ci ba

Na sayi jaka da kaye huɗu da bik da takalmin roba, na biya kuɗin kojes, na nufi gidan da yamma. Na zauna a tabarma na yi musu bayani mai tsawo. Na kawo dokar ilimi ta 1998, na kawo dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamban 2017 don kare karatun 'ya mace, na ce ilimi shi ne gadon da ba ya ƙarewa. Uwar ta saurara kanta a sunkuye, hannunta duk kanta da farin ƙurar dutse. Da na gama ta ce, "Mushe, mu ba mu ƙi boko ba. Ni na kai ta da ƙafata."

Tsohuwar ta sa aka miƙo mata jakar, ta shafa ta da dungulmin hannu, ta yi mini addu'a mai yawa. Sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata ta ce, "Ɗana, ka kawo wa kishiyata jaka, Allah ya yi maka albarka. To ni wa ka kawo mini?"

Ban da amsa. Duk da haka, don kunyata, suka mayar da ita. Ta yi mako uku tana zuwa kullum har Alhamis da Juma'a. A cikin makonni ukun nan gidan ya ci bashin hatsi wurin mai awo, tsohuwar ta gwada fita ita kaɗai ta faɗa a kwata ta fasa gwiwa, raunin da ya ɗauki wata biyu bai rufe ba. A mako na huɗu layin yarinyar a littafi ya koma yadda yake. Jakar tana nan rataye a ƙusa, an sa garin magani a ciki.

Kuskurena shi ne na ɗauka matsalar tana cikin kan iyayen ne, alhali tana cikin tukunya. Mu 'yan boko mun saba da kalmar wayar da kai, har mun mayar da ita maganin kowace cuta. Gidan nan kansu a waye yake sarai. Sun yi lissafin da ni ban yi ba: in yarinya ta je aji ranar Alhamis, wa zai ci me ranar Asabar?

A tsakanin nan ne wata mata ta zo gidan, 'yar uwa ta nesa daga wajen Kance. Ta ce a ba ta aron yarinyar ta tafi da ita Aljeriya, za a riƙa aiko da kuɗi duk wata. Wannan hanya sananniya ce a jiharmu, mata da yara suna ƙetare hamada don bara a biranen can. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyaka, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a ciki, mata 33, kuma yawancinsu daga yankin Kance suka fito. Uwar ta yi shiru da tayin, don bashi ya kai mata wuya. Tsohuwar ce ta ce a'a, ta ce in an tafi da yarinyar wa zai ba ta ruwa. Buƙatar da ta fitar da yarinyar daga aji ita ce ta hana a sa ta a motar hamada. Na rubuta wannan don kada mai karatu ya ɗauki tsohuwar a matsayin abokiyar gabar jikarta.

Zama na biyu

Wannan karon ban je ni kaɗai ba, kuma ban je da jawabi ba. Kamar yadda yake a garuruwan Hausa, kutare da makafi suna da shugabanninsu, masu sasanta su da yi musu magana a gaban hukuma. Na je na gai da dattijon da ke riƙe da al'amarin su tsohuwar, na shimfiɗa masa zancen. Shi ya kawo shawarar da ban taɓa tunani ba. Akwai wata maƙwabciya, ita ma ta warke daga ciwon, ƙafarta ce ta taɓu amma idonta ras. Dama tana fita Alhamis. Ya ce su riƙa tafiya tare, mai ido ta ja marar ido, abin da aka samu a raba, mai ja ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku na rabon tsohuwar.

Wannan ya warware rakiya, amma ya buɗe giɓi biyu: kason maƙwabciya, da ragin da za a samu saboda ba yarinya a gaba. Sai na je wurin limamin unguwarmu. Na roƙe shi abu guda, ya nemo mana mutum ɗaya cikin masu rabon sadaka a ƙofar masallaci wanda zai yarda ya kai tasa gida. Ya samo wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, wanda ya ɗauki alkawarin tiya takwas ta gero duk wata har zuwa lokacin girbi, bisa sharaɗin malama ta riƙa sa hannu a wata 'yar takarda cewa yarinyar ta zo. Ban so sharaɗin ba da farko, na ga kamar ana sayen yarinya da hatsi. Uwar ce ta ce a bar shi, ta ce takardar za ta zama mata hujja a gaban dangi in sun dawo da zancen Aljeriya ko na aure. Ba tsoron banza take yi ba. Dokar ƙasa ta yarda a aurar da yarinya tun tana da shekara 15, kuma kusan uku cikin huɗu na matan Nijar ana yi musu aure kafin su kai 18.

Ruwa kuwa yayan ne ya karɓa. Na same shi a fadarsu, inda samari suke taruwa, da dare, suna shan shayi kusa da ƙarafan da suke ɗagawa, waɗanda aka haɗa da siminti da tsofaffin ƙarafan mota. Na yi zaton zai yi mini tsaurin ido. Ya miƙe ya ba ni benci, ya ce, "Baba Mushe, ni dai tawa ta wuce, amma ita kanta yana ja." Tun daga ranar shi yake bin layin famfo da dare da amalanken wani abokinsa.

Takardar haihuwa ta ci mana lokaci fiye da kome. A gida aka haife ta, ba a kai rahoto ba, wa'adin yin hakan kuma ya wuce tuntuni, saboda haka sai ta hanyar alƙali da shaidu biyu. Ba tare da wannan takarda ba, ko ta kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, za ta tsaya a bakin jarrabawa. Mun yi sawu huɗu kafin ta fito. Mun kuma nemi a sa ta a irin azuzuwan gaggawar nan na wata tara, da ake buɗe wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 da suka rasa karatu, ana farawa da harshen gida sannan a koma Faransanci. Ba mu samu gurbi kusa ba, sai ta maimaita CE1, ta fi kowa tsawo a ajin.

Maganar moɗa wata malamar asibiti ce ta kashe ta. Ta fara duba jikin yarinyar a keɓe, ba ta ga tabo ko ɗaya ba. Sannan ta zo ajin, ta yi wa yara bayanin ciwon da Hausa, ta ce duk wanda ya ga wani farin tabo a jikinsa da ba ya jin taɓi ya zo asibiti da wuri, don in an kama shi da wuri ko yatsa ɗaya ba ya taɓuwa. Da ta gama sai ta ce ƙishirwa take ji. Ta ce wa yarinyar ta ɗebo ruwa ta fara sha, ta karɓi moɗar ta shanye sauran a gabansu. Malamar ajin ma ta karɓa ta sha. Ba a daina tsokana gaba ɗaya ba, amma an daina ɗauraye moɗa.

Akwai abu guda da malamar ta gano da kanta, wanda ya faranta mini rai ƙwarai. Yarinyar tana faɗuwa lissafi a allo, alhali a kasuwa ba mai cutar ta ko da dala. Ashe da dala take ƙirga. Mu a Hausa sefa 100 dala ashirin ce, sefa 25 dala biyar. In an rubuta 25 a allo an ce kuɗi ne, ita biyar take gani, sai ta rubuta amsar da take daidai a kasuwa amma kuskure a Faransanci. Da malamar ta fahimta, sai ta riƙa ce mata ta fara yi da dala sannan ta ninka sau biyar. Cikin 'yan makonni ta shiga sahun gaba a lissafi. Tun 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, kuma ina fata wannan ya sauko har cikin rumfunan zana, don yara irinta da yawa ana yi musu kallon daƙiƙai a kan abin da suka fi malaminsu iyawa.

Inda aka tsaya

Yanzu tana zuwa kwana huɗu a mako. Karatun Faransancinta yana tafiya da ɗingishi, tana haɗa baƙaƙe amma ba ta kai ga fahimtar abin da ta karanta ba. Har gobe ita take duba ƙafar Iya da dare, kuma ba na fatan a raba ta da wannan. Juma'a ta gagare mu. Samun ranar ya fi ƙarfin tiya takwas, tsohuwar kuma ta ce a cikin cunkoson ƙofar masallaci ba ta yarda da hannun kowa ba sai na kishiyarta. Malamar tana ba ta aikin Juma'a ta yi a gida ranar Asabar.

Alkawarin ɗan kasuwar zai ƙare da lokacin girbi, bai ce zai sabunta ba tukuna. Gwiwar tsohuwar ta warke, amma ƙarfinta yana raguwa, kuma ranar da ta kasa fita gaba ɗaya, lissafin gidan zai sake rushewa. Matar Kance ta sake aiko da gaisuwa.

Ƙanin yarinyar ya isa shiga CI, wato ajin farko. Shi ma mun fara neman takardarsa, kuma sunansa yana cikin waɗanda na rubuta don rajistar watan Oktoba. Makon jiya maƙwabciyar ta kwanta da zazzaɓi. Yarinyar ta zo aji ranar Alhamis, malama ta sa mata hannu a takarda, shi kuwa yaron shi ya riƙe bakin sandar zuwa kasuwar Dole.